Ranar da Aka Fasa Simintin Zauren Kakanmu

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar Laraba aka buga gudumar farko. Na duba agogon hannuna, shi ya sa na sani. Waɗanda ke wurin su ne shugaban kwamitin duba tsofaffin gine-gine na garinmu, wanda tsohon hedimasta ne, da limamin unguwa, da mai unguwa, da wani matashin injiniya da kwamitin ya gayyato daga Kano. Sai ɗan ƙanena, wanda ya nemi a rushe zauren, sai kuma ni, wadda ta ce ba za a rushe ba. 'Yan kallo ban lissafa su ba, domin ba wanda ya kira su.

Da gudumar ta sauka, ɓawon siminti ya ɓalle ya faɗi ƙasa, sai wani wari mai ɗan tsami ya fito daga jikin bangon, irin na ɓawon itace da ya daɗe a ruwa. Duk wurin ba wanda ya gane shi sai ni. Warin makuba ne, kuma rabona da shi tun ina da sauran ƙarfina.

Amma ba zan fara maka daga tsakiya ba. Aji shida na yi a firamare, kuma abin da na riƙe daga can shi ne komai a bi shi daki-daki. Zan faɗi yadda ake kula da zauren, sannan yadda muka ɓata shi da hannunmu, sannan yadda aka cece shi.

Kakanmu magini ne. Shi ya gina zauren gidanmu tun kafin mahaifina ya yi aure, a bakin hanyar da ke zuwa kasuwar Karaye. Da tubalin ƙasa ya gina shi, ya rufa da azara, ya ɗaure rufin da bakan gizo biyu, wato lanƙwasassun tokare na gini, da suka gitta juna a tsakiya. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka shiga zauren nan sai ka ji kamar an ɗora maka jiƙaƙƙen zane a ka. Masu dawowa daga kasuwa sukan sauke kaya a dakalinsa su sha ruwa, ba sai sun san kowa a gidan ba. A nan aka ɗaura auren mahaifina, a nan aka raɗa mini suna, a nan kuma aka sallaci kakan namu da kansa.

Mutum ne mai ƙarancin magana. Ban taɓa ganin ya doki yaro ba, ban kuma taɓa ganin yaro ya yi gudu a gabansa ba.

Shekara a gidanmu da nunar ɗorawa take farawa. Idan zafi ya tsananta, sai a turo mana buhunan ɗorawa a kan jaki daga gonar dangin kakarmu a Tudun Kaya. Mu yara garin ɗorawar nan mai zaƙi muke jira, mu lashe har bakinmu ya yi rawaya. Kalwar kuma kakarmu ke ɗauka ta yi daddawa. Ɓawon kuwa, wanda mai wucewa zai ɗauka shara ce, shi ne na kakanmu. Mata ke daka shi, a zuba a manyan randuna uku a bayan madafi, a cika da ruwa, a rufe. Kwana da kwanaki yana jiƙe, har ruwan ya koma baƙi-baƙi da ja-ja, warinsa ya cika gidan, ya kama zane da gashin kai. Wannan ruwa shi ne makuba. Kullum da safe kakarmu za ta tsoma yatsa ta shafa a bayan hannunta. Ranar da ta ji ya yi danƙo, sai ta aika a gaya wa kakanmu. Daga nan maza su kwaɓa jar ƙasa da ruwan, su tattake ta da ƙafa, su yaɓe zauren tun daga zanko, can ƙololuwar soro, har ƙasa, da tafin hannu, kafin ruwan farko ya sauka.

Kakanmu yana da dubawa uku, kuma bai taɓa sauya jerinsu ba. Na farko gindin bango: zai zagaye zauren yana dannawa da sandarsa, inda ya ji laushi ya yi alama a cike. Na biyu indararo, wato magudanar da ke fitar da ruwa daga kan soro: da kansa yake hawa ya zura hannu ya share su. Na uku sai bayan yaɓe ya bushe. Zai tara duk gidan a ƙofar zaure, ya cika butarsa, ya ɗaga hannu iya tsawonsa, ya tsiyaya ruwan a jikin bango. Duk mu zuba ido. In ruwan ya iso ƙasa garau, an gama aikin bana. In ya iso da ja, bangon ya sha ruwa ke nan, sai a sake.

Sau ɗaya na ga ya iso da ja. A shekarar an yi haihuwa a gidan, hidimar suna ta sa kakarmu ta sauke makubar kafin ta nuna. Kakanmu ya dubi ruwan, ya dubi randunan, ya ce, "A sake."

Kakarmu ta kama ƙugu ta ce, "Malam, wallahi bangon nan ya fi mu gata a gidan nan."

Ya ce, "Shi ba ya mayar mini da magana."

Aka yi dariya, har shi sai da gemunsa ya motsa. Amma an sake ɗin, tun daga daka.

Kakanmu ba ya kankare tsohon yaɓe sai inda ya kumbura. Sabo a kan tsoho yake ɗorawa, shi ya sa bangon ke ƙara kauri, ƙofar kuma tana ƙara matsewa. Wata shekara, saboda na ɗauko ƙwaryar makuba daga bayan madafi har waje ban zubar ba, ya kira ni gefen ƙofa inda wani ɗan wuri ya ɓantare. Ya nuna mini yaɓen a jere, siriri a kan siriri, kamar zannuwa a ninke cikin adaka. Ya ce, "Kin gani? Ba shekarar da na bar shi tsirara." A ranar ya ba ni butar na riƙe, shi ya kama hannuna ya ɗaga. Ruwan ya sauko garau.

Yanzu sai ɓarnar, kuma ba zan ɓoye hannuna a ciki ba.

Bayan rasuwar kakanmu mahaifina ya ci gaba da yaɓe, ko da yake shi ɗan tireda ne, ba magini ba. Bayan rasuwarsa gidan ya koma hannun ƙanena. Ni lokacin ina gidan mijina a Gwangwan, ta ƙasar Rogo. Allah ya buɗa wa ƙanena a cinikin hatsi, ya ce ya gaji da wahalar kowace bazara, zai yi wa zauren gata irin na zamani. Ya sa aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka yi masa shuɗin fenti. Na zo takanas don in gani. Na tsaya a ƙofar zauren na rangaɗa guɗa, na ce ƙanena ya fitar da mu kunya. Duk unguwa aka yi ta sa masa albarka. Ba wanda ya tuna cewa siminti ba ya kama jikin ƙasa. Tsayawa yake a gabanta kamar ƙyaure, ruwa ya bi ta bayansa ba mai gani. Daga shekarar nan aka daina jiƙa makuba a gidanmu. Randunan suka koma na ajiyar dusa, ɓawon ɗorawa ya koma na hura wuta, buta kuma ta tsaya a alwala kawai.

Shekaru suka wuce, ƙanena ya rasu, Allah ya jiƙansa. Aka zuba kwalta a hanyar kasuwa, gidajen bakin hanya suka fara komawa shaguna. Zauren kuma ya tsage, tun daga sama har kusa da dakali.

Babban ɗan ƙanen nawa ya same ni har Gwangwan. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi ƙafata, ya tambayi jikoki, sannan ya shigo da maganar. Ya ce wani ɗan kasuwa zai gina jerin shaguna a wurin zauren, su raba haya.

Ya ce, "Gwaggo, ba don kwaɗayi ba ne. Ƙannena suna kaina. Kuma zauren nan in ya faɗo wa ɗan wani, ni za a kama, ba ke ba."

Na ce, "Ka duba gindinsa?"

Ya ce, "Gwaggo, tsagar nan ko makaho ya shafa ya san ta."

Na ce, "Ban tambaye ka tsaga ba. Na ce ka duba gindinsa?"

Bai duba ba. Yaron kirki ne, ba na so ka ɗauke shi mugu. Bai taɓa ganin zauren ba sai da shuɗin fenti, don haka bai san abin da yake shirin rushewa ba.

A lokacin dattawan garinmu sun riga sun kafa kwamiti, bayan da suka ga tsofaffin soraye na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ita ce, kafin a rushe tsohon gini a bakin hanya sai kwamitin ya zo ya gani, in kuma wani mai gado ya ƙi, a saurare shi. Ina da rabona a gidan ubana. Na ɗauki biro na rubuta takarda da hannuna, na aika wa mai unguwa. Aka sa ranar Laraba.

Ƙarfe takwas da rabi suka iso. Aka shimfiɗa musu tabarma a dakali, ni aka shimfiɗa mini tawa daga bakin ƙofar ciki. Bayan gaisuwa da addu'ar liman, tsohon hedimastan ya ce tambaya biyu ce ta kawo su: shin ginin tsoho ne da shaidar da za a rubuta, kuma shin zai iya ci gaba da tsayuwa ba tare da ya cutar da kowa ba.

Ya tambayi takardar gini. Babu. A zamanin kakanmu wa ke rubuta ranar da ya ɗora tubali?

Injiniyan ya tashi ya zagaya yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma. Duk inda ya taɓa sai ka ji ƙwal, ƙwal, kamar ana buga busasshen duma. Ya zura yatsa a tsagar, ya girgiza kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan cikinsa fanko ne. Ba zan iya sa hannu cewa zai ƙara damina ba." Gaskiyar abin da kunnensa ya ji ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Ɗan ƙanena ya sunkuyar da kai, bai yi murna a fili ba. Shugaban ya buɗe littafinsa ya cire murfin biro.

Na yi gyaran murya na ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da magana."

Ya ce, "Bismillah, Hajiya."

Na ce, "Abin da yaron nan ya ƙwanƙwasa ba ginin kakanmu ba ne, simintin ƙanena ne. Ginin kakanmu yana baya, ba wanda ya gaishe shi tukuna. A fasa a gani."

Injiniyan ya ce, "Mama, in ruwa ya daɗe yana shiga, abin da ke bayan zai fi wannan muni."

Ɗan ƙanena ya ɗago ya ce, "To Gwaggo, in aka fasa aka tarar ya ruɓe fa?"

Na ce, "In ya ruɓe, ni zan fara sa hannu a takardarka, a gaban liman."

Liman ya ce, "Mun shaida."

Ina so ka san cewa ban san abin da ke bayan simintin nan ba. Shekaru masu yawa ba idon da ya gan shi. Bakina ne kawai ya faɗi maganar da ƙarfi.

Ga mu mun dawo ƙarfe tara da minti ashirin. Aka buga guduma, siminti ya faɗi, warin makuba ya fito. Injiniyan ya ci gaba da ɓantarewa, simintin yana zubowa falle-falle ba gardama, domin dama ba abin da ya riƙe. Bayansa ga bango ja mai duhu, da shatin yatsun mutanen da suka yaɓe shi, ciki har da na mahaifina, ko da yake ba zan iya nuna maka wanne ne ba. Tsagar nan da ta tsorata kowa, a simintin ta tsaya.

Mutane suka fara hayaniya. Na ce a yi shiru, ba a gama ba, dubawa uku ce kuma da jerinta.

Aka fara da gindi. Arewa lafiya, yamma lafiya, kudu lafiya. Da aka zo gabas, inda ruwan damina ke dukan bango, sai guduma ta nutse. Ƙasar wurin ta zaizaye, hannun injiniyan ya shige har wuyan hannu.

Ɗan ƙanena ya ce, "Kun gani ko?"

Na ce, "Mun gani. A hau a duba indararo."

Injiniyan ya naɗe ƙafar wando ya hau tsani. Can sai muka ji muryarsa daga sama: "Indararon gabas a toshe yake! Siminti ne ya cika bakinsa!" Wato duk shekarun nan ruwan soro ta bayan simintin yake sauka, a wuri ɗaya. Ya sauko ya auna kaurin bangon ta bakin ƙofa, ya koma ya auna zurfin ramin, ya ce abin da ruwa ya ci bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma ana iya cikewa. Ya shiga ciki ya bubbuga azarorin ɗaya bayan ɗaya, ya ce gara ba ta taɓa su ba.

Na ce, "Saura ta uku. Malam, a ara mini buta."

Liman ya miƙo tasa. Mai unguwa ya yi dariya ya ce, "Hajiya, alwala za a yi wa bangon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai dai sa ido."

Na tashi da ƙyar, saboda ƙafa. Hannuna bai kai inda na kakanmu ke kaiwa ba, amma na ɗaga iya ƙarfina na tsiyaya. Ruwan ya kama hanya a jikin bangon yana gangarowa, wurin ya yi tsit har ana jin kukan akuya daga cikin gida. Tsohon hedimastan ya zaro farin hankicinsa, ya durƙusa da kansa ya tara a ƙasa. Ya ɗago shi, ya juya gaba da baya, ya nuna wa jama'a. A jiƙe yake sharkaf, amma fari tas.

Liman ya ce, "Allahu akbar."

Injiniyan ya ce a kawo masa bokiti. Ya sheƙa wa bangon gaba ɗaya, ya sa tafin hannu ya murza, ya duba hannun. Ya ce, "Mama, me aka zuba a ƙasar nan?"

Na ce, "Ɓawon ɗorawa."

Ya ce, "Ɓawon ɗorawa kawai?"

Na ce, "Da rashin gaggawa."

Sai na ja shugaban zuwa gefen ƙofa, wurin nan da kakanmu ya taɓa nuna mini. Na sa aka ɓantare simintin a hankali. Ga yaɓen nan a jere, siriri a kan siriri. Na ce, "Kun tambayi takarda. Kowane ɗaya shekara ɗaya ce." Ya gyara tabarau, ya sa tsinin biro yana ƙirgawa a fili, jama'a na amsa masa. Ya wuce arba'in, sannan na can ciki suka manne da juna ya kasa rabewa. Ya miƙe ya ce, "Na karɓi shaidu iri-iri a aikin nan, amma ban taɓa karɓar wadda ta kai wannan tsari ba."

Suka tafi zauren mai unguwa don shawara. Bayan azahar, ƙarfe uku saura kwata, suka dawo aka karanta hukunci. Na ɗaya, ba za a rushe zauren ba. Na biyu, ɗan ƙanena zai iya gina shagunansa a kangon da ke gefe, inda tsofaffin ɗakuna suka riga suka zube, ko da yake ba za su kai yawan da ya so ba. Na uku, a cire simintin duka, a cike gindin gabas, a buɗe indararo, a yi yaɓen makuba kafin ruwan farko, kuma a riƙa yi kowace shekara. Shekarar da aka tsallake, yana da damar sake kawo buƙatarsa.

A nan na rangaɗa guɗa a ƙofar zauren karo na biyu a rayuwata. Ta farko kuskure ce. Wannan kuwa har matan maƙwabta suka amsa daga bayan katanga.

Ɗan ƙanena ya hau babur ɗinsa ya tafi ba sallama. Na bar shi, domin an rage masa abin da ya sa rai a kai, kuma wannan da ciwo. Ni kuma ban koma Gwangwan ba. Na sa aka zubar da dusar randunan nan uku, na wanke su da kaina.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, na ji tsayuwar babur. Sai ga shi da buhu biyu na ɓawon ɗorawa, ya ɗauro su tun daga Tudun Kaya. Ya sauke ya gaishe ni, fuskar nan ba walwala.

Ya ce, "Gwaggo, ni fa har yanzu ina kan bakana, shaguna sun fi. Amma ba za a ce a hannuna aka tsallake ba."

Na ce, "Na ji. Kai su bayan madafi."

Ya kai, ya dawo ya tsaya yana kallon shatin yatsun da ke jikin bangon. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya, kamar mai gwada takalmi. Ya ce, "Kwana nawa ake jiƙawa?"

Na ce, "Ba a ƙirga kwana. Zo gobe da safe in nuna maka yadda ake tsoma yatsa."

Ya zo, kuma kullum yana zuwa.

Yanzu ga inda muke. An cire siminti, an cike gindin gabas, indararo ya buɗe. Masu dawowa daga kasuwa sun fara zama a dakalin, wasu har suna shafa bangon suna tambaya. Amma buhu biyu randa ɗaya kawai suka cika, zauren kuwa uku yake sha. A da gonar dangin kakarmu kaɗai ta ishe mu. Yau yawancin itatuwan an sare su an yi gawayi, waɗanda suka rage kuma ana cire kalwa a watsar da ɓawon. Jiya da yamma na ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Don haka ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan, ko ke. In akwai ɗorawa a gonarku, a Karaye ne ko a Rogo, kada ku ƙona ɓawon bana. Ku zuba a buhu ku kawo, ko rabin buhu ne. Ba za ku ɓata ba: a hanyar kasuwa, zauren da ba shi da fenti shi ne namu. Ku yi sallama ku ce Gwaggo kuke nema. In kun samu hali kuma, ku dawo ranar da yaɓen ya bushe, ku tsaya tare da mu ku ga saukar ruwan, domin bana ɗan ƙanena zan ba butar.